SHARHI: Bayan Ruwa Ya Janye, Wa Ke Biyan Bashin Ambaliyar Jimeta?

A cikin watan Satumba na shekarar 2024, bayan ambaliyar da ta ratsa unguwannin bakin kogi na garin Jimeta, an riƙa kwasar mutane daga mazaɓun Limawa da Alkalawa da Ajiya zuwa asibiti suna amai da gudawa. Da gwaji ya fito, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Adamawa ta tabbatar da cewa kwalara ce. Kafin watan ya ƙare, an kwantar da kimanin mutum 300 a asibiti, mutum 15 kuma suka riga mu gidan gaskiya, da dama daga cikinsu a gida, tun kafin a kai ga likita. Hukumomi sun danganta ɓarkewar cutar da gurɓacewar ruwan sha sakamakon ambaliya.

Wannan labari ya fito a shafukan kiwon lafiya, kuma a can aka bar shi. Alhali kuwa labari ne na tattalin arziki, wanda ya kamata kowane ɗan kasuwa da ke da shago ko sito ko ma'aikata a Jimeta da Yola ya karanta da idon basira. Duk lokacin da aka yi ambaliya, hukumomi kan fito da lissafin gidajen da suka rushe, da kadadar gonakin da ruwa ya shanye, da gadojin da suka karye. Wannan lissafi daidai ne, amma bai cika ba, domin akan rufe littafin ranar da ruwa ya janye. Asarar da ke biyo baya ta hanyar cuta ba ta shiga ciki, ga shi kuwa ita ce ta fi daɗewa, kuma ita ce aka fi iya kauce wa da kuɗi kaɗan.

Kogin da ya kafa garin

Sanin kowa ne cewa Binuwai ne ya yi Jimeta. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Jimeta kuma ta bunƙasa a matsayin tashar jiragen ruwa, inda a zamanin Turawa jiragen kamfanoni ke hawowa daga Lakwaja idan kogi ya cika, su sauke gishiri da yadi, su yi lodin gyaɗa da auduga da fatu, wasu su zarce har Garwa. Unguwannin tsohon gari irin su Limawa da Gwadabawa da Rumde sun tashi ne kusa da ruwa saboda a nan abinci yake: su, da fito, da dako, da noman fadama, da ƙananan sana'o'in da ke rayuwa a gefen kasuwa. Tun daga 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Adamawa daga tsohuwar Gongola, garin ya ci gaba da cika, rikicin Boko Haram kuma ya ƙara masa dubban 'yan gudun hijira, musamman a 2014 lokacin da aka mamaye Mubi. Wanda ya zo gari ba shi da ko sisi, inda fili ya fi araha zai nufa, filin da ya fi araha kuwa shi ne wanda ruwa ke kwanciya a kai.

Tarihin 'yan shekarun nan ya isa misali. A 2012, ambaliyar da ta biyo bayan sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, haɗe da ruwan sama mai yawa, ta shafi jihohi 30. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu, aka kuma ƙiyasta asarar da naira tiriliyan 2.6. A 2022 abin ya maimaita kansa, inda fiye da mutum 600 suka rasu a faɗin ƙasa, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta ɓarnar da kimanin dala miliyan dubu 6.7. A watan Oktoba na 2023 ruwa ya shiga ƙananan hukumomi 14 daga cikin 21 na Adamawa, ya raba sama da mutum 50,000 da muhallinsu. A ranar 27 ga Yuli, 2025, ruwan sama na dare ɗaya ya mamaye unguwannin Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate da maƙwabtansu a Yola ta Kudu, ya halaka fiye da mutum 20.

Abin da a da ake ɗauka masifa ce ta shekara goma-goma, yanzu kusan kowace damina sai ya leƙo. Ɗan kasuwa kuwa ya san bambancin hasarar da ke zuwa bagatatan da wadda ke zuwa kowace shekara. Ta farko akan kira ta tsautsayi. Ta biyu akan sa ta cikin kasafi, a nemi yadda za a rage ta.

Yadda ruwa ke zama cuta

Hanyar da ambaliya ke bi ta zama annoba ba ɓoyayya ba ce. A yawancin gidajen tsohon gari, masai na rami da rijiya suna cikin gida ɗaya, wani lokaci tsakaninsu bai wuce taku goma ba, alhali masana tsabtar muhalli na ba da shawarar a bar aƙalla mita 30. Da rani wannan kusanci kan wuce ba tare da an ji ɗuriyarsa ba. Amma idan kogi ya cika, ruwan ƙarƙashin ƙasa kan taso, masai ya tumbatsa, abin da ke cikinsa ya bi ƙasa ko ya bi sama ya faɗa rijiya. Rijiyar burtsatse ma ba ta tsira idan ba a yi mata dakali mai tsawo ba, ko kuma ba a toshe gefen bututunta da siminti yadda ya kamata ba. Inda akwai famfo, tsofaffin bututun da suka tsattsage kan bi ta cikin kwata, idan kuma aka ɗauke ruwa sai su zuƙo ƙazantar da ke kewaye da su.

Daga nan sai 'yan garuwa su ɗauka. Mai tura kura da jarkoki goma ko sha biyu yakan shayar da gidaje da masu abinci da masu shayi da yawa a yini guda. Idan wurin da ya ɗebo ya gurɓace, to ya rarraba cutar ke nan unguwa-unguwa ba da saninsa ba, har zuwa inda ambaliyar ba ta taka ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa attajirin da ke zaune kan tudu bai kamata ya ce babu ruwansa ba. Yaron shagonsa a ina yake kwana? Mai kawo masa fura da nono, da wane ruwa ta dama? Ganyen salak da ke kan teburinsa, a ina aka wanke shi?

Kwalara ce ke fara bayyana, domin daga shan gurɓataccen ruwa zuwa fara ciwo ba ya wuce sa'o'i 12 zuwa kwana 5, kuma tana iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin yini guda idan ruwan jikinsa ya ƙare. Bayanta sai zazzaɓin taifod da ciwon hanta mai sa shawara, wanda wani nau'insa ke da haɗari ƙwarai ga mata masu juna biyu. Makonni shida zuwa takwas bayan haka, lokacin da motocin agaji suka koma, sai zazzaɓin cizon sauro ya taso daga kududdufan da ruwa ya bari. Abin da ya faru a Pakistan ya nuna girman wannan: bayan ambaliyar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu zazzaɓin cizon sauro a ƙasar sun tashi daga kimanin 500,000 a 2021 zuwa miliyan 2.6. Nijeriya kuwa dama ita ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan cuta a duniya baki ɗaya.

Har ila yau akwai saran maciji, domin ruwa na koro macizai daga ramukansu zuwa gidaje da rumbuna. Akwai kuma cunkoso a makarantun da akan mayar sansanin wucin gadi, inda ɗaruruwan mutane ke amfani da bayan gida biyu ko uku, ƙyanda da tari kuma su sami hanyar yaɗuwa tsakanin yara. Mai hawan jini ko ciwon sukari da ruwa ya tafi da magungunansa, shi ma yana cikin waɗanda ambaliya ta taɓa, ko da yake sunansa ba zai fito a kowane rahoto ba.

Daga Legas zuwa Jakarta

Jimeta ba ita kaɗai ke cikin wannan hali ba. Masana yanayi sun nuna cewa duk ƙarin zafi na digiri ɗaya na sa iska ta riƙe ƙarin danshi da kimanin kashi 7 cikin 100, wanda ke nufin ruwan da a da kan sauka cikin mako guda yana iya sauka cikin 'yan sa'o'i. A ranar 26 ga Yuli, 2005, birnin Mumbai na Indiya ya sami ruwan sama milimita 944 cikin sa'o'i 24, wato kusan abin da Yola ke samu a damina sukutum. Bayan ruwan ya janye, wata cuta da ake ɗauka daga fitsarin ɓera ta kama mutanen da suka riƙa tafiya cikin ruwan da ƙafa.

Biranen bakin teku kuma suna da ƙarin matsala. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce teku ya tashi da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma tashin nasa na ƙara sauri. Santimita 20 ba wani abu ba ne a ido, amma ga birnin da magudanansa ke zubewa cikin teku, hakan na nufin idan aka yi ruwa a lokacin da teku ya cika, ƙazanta ba ta da mafita sai ta dawo cikin gari. Jakarta, wadda ƙasarta ke nutsewa saboda yawan zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa, ta kai ga gwamnatin Indunusiya ta yi doka a 2022 ta gina sabon babban birni mai suna Nusantara a tsibirin Borneo. A gida Nijeriya, Legas ta yi fama da kwalara a watan Yuni na 2024 bayan saukar ruwa mai yawa, kuma cutar ta fi ƙamari a Tsibirin Legas, cibiyar kasuwancin birnin.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Adamawa da teku. Amsa ita ce, abin da teku ke yi wa Legas shi Binuwai ke yi wa Jimeta a watannin Agusta da Satumba. Idan kogi ya cika ya batse, lambatun gari ba su da inda za su zube, sai ruwan sama da na kwata su tsaya cak a unguwannin da ke kwari. Bugu da ƙari, wasu daga cikin kayan da ke kantunan Babbar Kasuwar Jimeta ta tashoshin Apapa da Tin Can suke shigowa. Ranar da Legas ta tsaya, farashi a Jimeta zai ji a jikinsa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Lissafin da ba a yi

Mene ne kuɗin kwalara? A ƙaddara mai sayar da kayan miya ce a kasuwa, ɗanta ya kamu. Za ta rufe teburinta kwana huɗu ko biyar ta zauna jinya. Tumatir da tattasan da ta saro bashi za su ruɓe. Kuɗin Keke Napep, da na ƙarin ruwa idan ba a sami na kyauta ba, da na abincin asibiti, duk daga jarinta za su fito, domin a Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyaci yake fitowa kai tsaye. Idan ta dawo, ba ta da jari, ga bashin dillali. Dillalin shi ma ba zai iya biyan manomin Geriyo da ya ba shi kaya ba. Ciwo ɗaya ya taɓa aljihu uku. A ninka wannan sau ɗari uku, a ƙara da masu taifod da zazzaɓi da ba a ƙidaya su ba, za a ga dalilin da ya sa ciniki kan yi sanyi a watannin da ke bin bayan ambaliya, a daidai lokacin da kaka ta yi, ya kamata kasuwa ta buɗe.

A matakin ƙasa an taɓa gwada wannan lissafi. Wani nazari na Bankin Duniya da aka fitar a 2012 ya nuna cewa rashin tsabtar muhalli na janyo wa Nijeriya asarar naira miliyan dubu 455 a kowace shekara, wato dala miliyan dubu 3 a canjin wancan lokaci, kimanin kashi 1.3 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 48 ne ke bahaya a fili. A wannan shekarar ta 2021, Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ƙidaya mutum 111,062 da ake zaton sun kamu da kwalara, 3,604 suka rasu. Shekara talatin kafin nan, a 1991, cutar ta kama mutum 59,478 ta kashe 7,654. Adamawa kanta ta gan ta a Mubi a 2018, ta kuma gan ta a Yola da Girei a 2019. Ba baƙuwa ba ce.

Akwai kuma asarar suna, wadda ta fi shafar manyan 'yan kasuwa. Lokacin da kwalara ta ɓarke a ƙasar Peru a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta yi asarar dala miliyan 770 saboda ƙasashe sun ƙi sayen kifinta da sauran kayan abincinta, baƙi kuma sun daina zuwa. Garin da ke sayar da kifi banda, da shanu, da shinkafa, da kayan lambu ga sauran jihohi, yake kuma karɓar fatake daga Kamaru da Chadi, ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Tarihin birnin Hambog na ƙasar Jamus ya fi kowane dacewa da masu karanta wannan shafi, domin birni ne da attajirai ke mulkinsa. Shekara da shekaru majalisar birnin na jan ƙafa a kan kashe kuɗin gina matatar ruwan sha, tana fifita faɗaɗa tashar jiragen ruwa, jama'a kuma na shan ruwan Kogin Elbe ba tare da tacewa ba. A watan Agusta na 1892 kwalara ta shigo, ta kashe kimanin mutum 8,600 cikin 'yan makonni. Aka killace tashar, ciniki ya tsaya cik. Garin Altona da ke manne da Hambog, wanda ke shan kogi ɗaya amma yana tace ruwansa da yashi, bai yi asarar da ta kai ko kusa da wannan ba. A shekara mai zuwa, 1893, aka kammala matatar da aka daɗe ana cewa ta yi tsada.

Batun Lagdo da Dasin Hausa

Duk lokacin da aka yi zancen ambaliya a Adamawa, maganar kan ƙare a kan madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kudu da Garwa, da kuma madatsar Dasin Hausa ta Ƙaramar Hukumar Fufore, wadda aka tsara don ta tare ruwan da Kamaru ke saki amma har yau ba a gina ta ba. Masu wannan kira suna da hujja. Madatsar za ta rage ƙarfin ruwan da ke isowa Jimeta da Numan, ta ba da wutar lantarki da ruwan noman rani, kuma ya dace wakilan jihar su ci gaba da matsa wa gwamnatin tarayya lamba a kanta.

To amma fa akwai abubuwa biyu da ya kamata a faɗa. Na farko, ba duk ambaliya ce daga Kamaru take zuwa ba. A 2022 Ministan Albarkatun Ruwa na lokacin, Injiniya Suleiman Adamu, ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa kason Lagdo a ambaliyar Nijeriya ƙanƙane ne, mafi yawan ruwan daga sama yake da kuma kogunan cikin gida. Ana iya jayayya da yadda ya auna abin, musamman a Adamawa da ke bakin iyaka, amma ambaliyar Yuli 2025 ta auku ne bayan ruwan sama na cikin gida, tun kafin lokacin da aka saba sakin ruwan Lagdo. Na biyu, ko da yau aka sa hannu a kwangilar Dasin Hausa, shekaru za a yi kafin ta tare ko guga ɗaya. Yaran Limawa kuwa da daminar baɗi za su sha ruwa. Madatsa na rage yawan ruwan da ke shiga gida, amma ba ta raba masai da rijiya. Ko a shekarar da kogi bai yi ambaliya ba, ruwan sama kaɗai ya isa ya haɗa su.

Haka nan batun tayar da mutane daga bakin kogi. A takarda abu ne mai sauƙi. A aikace, masunci ko ɗan dako da aka kai bayan gari, nesa da kogi da kasuwa, zai sayar da filin ya dawo. Hana sababbin gine-gine a kan hanyar ruwa wajibi ne, kuma alhakin hukumomin filaye da tsara birane ne su daina ba da izini a wuraren da kowa ya san ruwa na bi. Amma tsofaffin unguwanni suna nan daram, dole a nemi yadda mazaunansu za su rayu da ruwa ba tare da sun sha cuta ba.

Abin da za a iya yi kafin Agusta

Alherin da ke cikin wannan al'amari shi ne maganinsa ba shi da tsada. Kwalara, idan aka yi gaggawar mayar wa majiyyaci ruwan jikinsa, ba ta kashe ko mutum ɗaya cikin ɗari. Nazarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2012 ya nuna cewa duk dala ɗaya da aka zuba a harkar tsabtar muhalli na dawo da kimanin dala biyar da rabi ta hanyar rage kuɗin magani da ceton ranakun aiki. Da wuya a sami hajar da ke ba da irin wannan riba a kowace kasuwa.

Mataki na farko na kan 'yan garuwa. Ba masu laifi ba ne, su ne hukumar ruwan talaka. Wuraren da suke ɗiban ruwa sanannu ne, kuma ba su da yawan da za a kasa ƙidayawa. Ƙaramar hukuma tare da shugabanninsu na iya rajistar waɗannan wurare, a gwada ruwansu kafin damina ta yi nisa, a ɗaga dakalin kowace rijiya sama da inda ruwa ya kai a 2022, a kuma ajiye mutum ɗaya a kowane wuri daga Agusta zuwa Oktoba yana ɗiga sinadarin kulorin a kowace jarka. Wannan dabara ce da ƙungiyoyin agaji suka saba amfani da ita bayan annoba ta ɓarke. Babu dalilin da zai hana a yi ta kafin ta ɓarke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu na hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Kowace kasuwa da tashar mota na da shugabanni da ke karɓar kuɗin ƙungiya. Ware wani kaso domin yashe lambatu a watan Mayu, da hana zuba ledar ruwa da shara a cikinsu, bai fi ƙarfinsu ba. Gidan wanka da bahaya na kuɗi kuwa sana'a ce da ta daɗe tana ciyar da masu ita a Kano da sauran birane. Abin da ake bukata shi ne a gina su a kan tudu, da ramin da aka yi wa siminti, a kuma tanadi motar kwashewa da wurin zubarwa nesa da kogi. Bankuna da ke neman inda za su ba da ƙananan rance su duba nan. Jihar Jigawa, wadda ba ta fi Adamawa arziki ba, ta zama ta farko da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili a 2022.

Mataki na uku na masu ɗaukar ma'aikata ne. Mai gidan burodi, da mai otal, da mai masana'antar ruwan leda, da mai sito, kowannensu na iya ajiye ƙunshin gishiri da sukari na asibiti da ƙwayoyin tsabtace ruwa, ya raba wa yaransa su kai gida da zarar Hukumar Kula da Koguna ta Ƙasa ko ta Hasashen Yanayi ta yi gargaɗi. Inda babu ƙunshin, a koya musu haɗin gida: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba majiyyaci a kan hanyar zuwa asibiti. Waɗanda suka rasu a gida a 2024, jinkiri ne ya ci su. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, kuma jihar na da hukumarta. Shigar da ma'aikaci cikin shirin ya fi araha a kan biyan kuɗin jinyarsa da neman wanda zai tsaya a madadinsa.

Mataki na huɗu na gwamnati ne, kuma shi ne babba. Ruwan famfo mai tsabta da ke zuwa kullum shi ne abin da ya kawar da kwalara daga biranen Turai, shi ne kuma zai kawar da ita daga Jimeta. Akwai Asusun Kula da Muhalli da aka kafa tun 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kasonsu daga cikinsa. Masu biyan haraji na da haƙƙin su nemi a buga abin da ya shigo da abin da aka yi da shi, unguwa-unguwa, kwalbati-kwalbati. Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta jihar ita ta fi cancanta ta yi wannan tambaya a lokacin da ake sauraron ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, domin muryarta na isa inda ta mai sayar da kayan miya ba ta isa.

Daga ƙarshe, ya kamata a gyara yadda ake lissafin kansa. Hukumar Agajin Gaggawa ta Jiha da Ma'aikatar Lafiya su riƙa fitar da rahoto na biyu wata biyu bayan kowace ambaliya, mai nuna yawan waɗanda suka je asibiti da gudawa da taifod da zazzaɓi daga kowace mazaɓa, a kwatanta da watannin da suka gabata. Abin da ba a ƙidaya ba, ba a yi masa kasafi. Muddin buhun shinkafa da katifa ne kaɗai ma'aunin agaji, to kuɗin zai ci gaba da tafiya can, rijiyoyin kuma su zauna yadda suke.

Hasashen ambaliya na fitowa tun farkon shekara, watannin haɗari sanannu ne, mazaɓun da abin ya fi shafa an san sunayensu tun 2024. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, ɗan kasuwa kuma zai ƙara da cewa ya fi shi araha. Kuɗin dai dole a biya shi, ko a watan Mayu wajen mai gini da mai kulorin, ko a watan Satumba a bakin gadon asibiti. Zaɓi ya rage ga masu gari da masu dukiya.